Biro Ya Ƙi Rubutu Alhali Tawada Ba Ta Ƙare Ba: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Tashinsa

Ka ɗaga biro ka haska shi, ka ga tawada ta kai rabin bututu ko ma ta wuce, amma da ka ɗora shi a kan takarda sai ya bar maka shatin rubutu kawai, fari fat, kamar an ja tsinke a kan yashi. Mafi yawanmu abin da muke yi a nan shi ne mu gurza shi da ƙarfi sau biyu ko uku a gefen takarda, in bai amsa ba mu jefar mu ɗauki wani. Abin yana damuna, domin a cikin irin waɗannan birukan da ake zubarwa kaɗan ne suka mutu da gaske. Sauran toshewa suka yi, ko iska ta shiga tsakanin tawada da baki, ko kuma laifin ma ba nasu ba ne, na takardar ne. Kowace daga cikin waɗannan matsaloli maganinta daban, kuma maganin wata yakan ƙara wa wata muni. Shi ya sa kafin mu taɓa komai sai mun leƙa cikin tsinin mun ga abin da ke faruwa a wurin.

Abin da ke cikin ɗan tsinin nan

A ƙarshen bakin biro akwai wata 'yar ƙwallo ta ƙarfe, ƙanƙanuwa ƙwarai. A biro na yau da kullum faɗinta milimita 1 ne ko 0.7, a masu siririn rubutu takan sauko zuwa 0.5, a masu kaurin rubutu kuma takan kai 1.6. Wannan lambar da kake gani a jikin biro ko a kwalinsa girman ƙwallon take nufi, ba faɗin layin da zai fito ba. Layin kullum ya fi ƙwallon siranta, tunda ba dukkanta ke taɓa takarda ba. Akan yi ta da baƙin ƙarfe marar tsatsa ko da wani haɗi mai tsananin tauri da ake kira tangistin kabayid, wanda ya fi ƙarfen yau da kullum jure goga nesa ba kusa ba.

Ƙwallon tana zaune ne a cikin wani ɗan gurbi na tagulla ko ƙarfe. An lanƙwasa leɓen gurbin ya rungume ta, ta yadda ba za ta faɗo ba, amma an bar mata sararin da za ta juya ta kowace fuska. Wannan sararin ya fi silin gashi ƙanƙanta sau da yawa. A ƙasan gurbin, inda ƙwallon ta jingina, an tsaga wasu 'yan hanyoyi masu kama da tauraro waɗanda ke kawo tawada daga bututu zuwa bayanta. Idan ka ja biro a kan takarda, takardar ce ke kama ƙwallon ta juya ta. Gefen da ke ciki ya shafo tawada, ya juyo waje ya sauke ta a takarda, gefen da ya sauke ya koma ciki ya sake ɗauko wata. Idan ka ɗaga hannu, ƙwallon ta tsaya ta zama marfi, ta hana tawada zubowa, ta kuma hana iska shiga. Wato aiki biyu take yi, ita ce mai raba tawada, ita ce kuma mai tsaron ƙofa.

Daga nan za ka gane cewa sharuɗɗa uku ne dole su cika kafin biro ya yi rubutu: ƙwallon ta iya juyawa, tawada ta kasance tana manne da bayanta ba tare da yankewa ba, takarda kuma ta iya kama ta ta juya ta. Duk biron da ya tsaya, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya warware.

Tawadar kuwa ba ruwa ba ce irin ta alƙalamin da ake tsomawa. Mai kauri ce, mai danƙo, ta fi kama da giris mai laushi. Rini ne aka narkar a cikin wasu sinadarai masu jinkirin bushewa, aka haɗa da danƙo da ɗan maiƙon da ke sa ƙwallon ta yi santsi. Kaurin nan shi ne sirrin abin gaba ɗaya, kuma shi ne ya gagari masu ƙirƙira shekara da shekaru. Tun a 1888 wani Ba'amurke mai suna John Loud ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo don yin alama a jikin fata, amma bai dace da rubutu a takarda ba, abin ya tsaya nan. Sai a 1938 wani ɗan jarida ɗan ƙasar Hangari, László Bíró, ya yi rajistar nasa, bayan ya lura cewa tawadar buga jarida tana bushewa da sauri ba ta dame takarda. Ɗan'uwansa György, masanin haɗa sinadarai, shi ya taimaka wajen daidaita kaurin tawadar. Yaƙin duniya na biyu ya sa suka koma Ajantina, inda suka sake yin rajista a 1943 suka fara ƙerawa. Sunan mutumin nan ne muke kira duk lokacin da muka ce "ara mini biro". Daga baya Marcel Bich na Faransa ya sayi haƙƙin ƙirar, ya fito da Bic Cristal a ƙarshen 1950, biron nan mai jiki garai-garai mai kusurwa shida da kowa ya sani.

Ka ɗauki irin wannan biron ka duba jikinsa da kyau, za ka ga wani ɗan rami a gefe. Ba kuskuren masana'anta ba ne. Yayin da tawada ke raguwa, dole iska ta bi ta baya ta cike gurbin da ta bari. In babu hanyar iska, sai tawadar ta tsaya cak, kamar yadda ruwa ke maƙalewa a cikin siririn bututu idan ka toshe samansa da yatsa. Ramin da ke saman murfi kuwa na wani dalili ne daban: an yi shi ne don idan yaro ya haɗiye murfin iska ta samu hanyar wucewa. Wasu sukan ce wai an huda murfin ne don biro ya yi saurin bushewa a sayi wani. Ba haka ba ne, ƙwallon ce ke rufe tawada, ba murfin ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne cewa nauyin tawadar ne ke tura ta ƙasa zuwa wurin ƙwallon. Babu famfo a ciki. Idan ka kwanta rigingine kana rubutu tsini na kallon sama, ko kana cike takardar da aka manna a bango, tawadar da ke bayan ƙwallon za ta ƙare cikin 'yan kalmomi, sauran ta ja baya, ƙwallon kuma ta riƙa shigo da iska a maimakonta. Wannan shi ne tushen yawancin birukan da suke tsayawa alhali suna cike.

Fara da bincike, kada ka fara da magani

Abu na farko, canza takarda. Na sha ganin mutum yana faman gurza biro a wuri ɗaya, alhali wurin ne ya sha maiƙon hannu. Gumi ko man shafawa daga gefen tafin hannu yana sauka a ƙasan shafi tun kana rubuta saman, idan ka iso wurin sai ƙwallon ta riƙa zamewa ba ta juyawa. Takarda mai sheƙi da takardar rasit irin ta na'ura su ma haka suke yi. Samu farar takarda busasshiya, ka sa wasu huɗu ko biyar a ƙarƙashinta don ta yi taushi. A kan tebur mai tauri ko gilashi, takarda ɗaya tilo ba ta lotsawa ta rungumi ƙwallon. Ka kuma miƙar da biron sosai, kusan a tsaye. Idan ka kwantar da shi da yawa, leɓen gurbin ne ke gogar takarda, ƙwallon ba ta ma taɓa ta ba. Idan da wannan kaɗai ya tashi, to dama lafiyarsa ƙalau.

Idan sabon biro ne, duba tsinin. Masu ƙera wasu biruka, musamman masu dannawa, sukan ɗiga ɗan danƙo ko kakin roba a baki don kada ya bushe a kanti. Ka ɓanɓare shi da farce.

In duk wannan bai yi ba, ciro bututun tawadar daga jikin biron ka haska shi a fitila ko hasken rana. Bi tawadar da ido daga sama har ƙasa. Kana neman giɓi, wato wani ɗan wuri mai haske a tsakiyar tawada ko dab da inda roba ta haɗu da ƙarfe. Ka lura fa, bututu yakan yaudari ido: wani lokaci tawadar ta riga ta ƙare, abin da kake gani shafe ne kawai da ya rage a jikin bango. Idan haske yana ratsa shi ya fito da launi mai haske-haske, fanko ne, babu abin da za a tasa. Cikakken bututu baƙi ƙirin yake ko da tawadar shuɗiya ce.

Sai ka saurari tsinin. Ja shi a hankali a kan takarda, ka ji a yatsunka. Ƙwallon da ke juyawa tana tafiya sumul ko da ba ta ba da tawada. Wannan alama ce ta iska a ciki. Wadda ta maƙale tana ja da nauyi, tana kartar takarda. Wannan busasshiyar tawada ce ko datti. Idan kuma yana rubutu ta gefe ɗaya, ka juya shi ya ɗauke, ko yana yanka takarda kamar allura, mai yiwuwa ya taɓa faɗuwa da ka, za mu zo kansa.

Idan ƙwallon ce ta maƙale

Wannan ita ce matsalar biron da ya daɗe a aljihun tebur. Siririyar tawadar da ke kewaye da ƙwallon ta bushe ta zama kamar gam, wani lokaci ta haɗu da ƙurar takarda da zaren aljihu. Abin da ake so shi ne a tilasta wa ƙwallon ta motsa, sabuwar tawada daga ciki ta narkar da tsohuwar.

Goge tsinin da tsumma tukuna. Sannan ka yi ta zana da'ira a kan takarda mai ɗan kaushi, kamar bayan kwali ko ambulan, kana dannawa daidai misali. Da'ira ta fi layi miƙaƙƙe amfani domin tana tura ƙwallon ta kowace fuska, in ta ƙi juyawa ta nan sai ta juya ta can. Ba shi kamar rabin minti. Garaje ba ya taimakawa a nan, danna da yawa lanƙwasa leɓen gurbin kawai yake yi.

Idan takarda ta kasa, koma kan roba. Abin goge fensir, ko tafin takalmi mai tsabta, ko ma bayan abin ɗora linzamin kwamfuta. Roba tana damƙar ƙwallon fiye da yadda takarda za ta iya, sau da yawa ja biyu ko uku za ka ga layi ya fara bayyana. A ganina wannan ita ce dabara mafi amfani a cikinsu duka, kuma ba ta ɓata komai. Da zarar ya fara, maza ka mayar da shi kan takarda ka ci gaba da zane har layin ya daidaita, kada ka tsaya a ɗigon farko.

Mataki na gaba shi ne narkarwa. Tawadar biro ba ta jin ruwa sosai, amma tana narkewa a sifirit. Zuba ɗan kaɗan a murfin kwalba, ka tsoma tsinin ƙarfen kawai na minti biyu zuwa biyar. Za ka ga launi ya fara bazuwa a cikin sifirit ɗin kamar hayaƙi. Alama ce cewa yana cin busasshiyar tawadar. Ciro, goge, koma kan roba, sannan takarda. Man wanke hannu irin na sanitaiza ma yana yi, tunda mafi yawansa sifirit ne: ɗiga shi a takarda ka yi ta zagaya tsinin a ciki. Layin farko zai fito da ruwa-ruwa, ba komai, zai daidaita. Ka guji ruwan goge jan farce, domin yana cin robar jikin biro ya bar ta da dusu-dusu ko ma ya tsattsage ta.

Sai ɗumi. Tawada mai kauri tana ƙara kauri a sanyi, tana saki a ɗumi. Biron da ya kwana a wuri mai sanyi sau da yawa murza bututun tsakanin tafukan hannu na minti ɗaya ya ishe shi. In bai isa ba, samu kofi ka zuba ruwa mai zafin da yatsa zai iya jurewa, ka tsayar da bututun a ciki tsini a ƙasa, ruwan ya rufe ƙarfen da ɗan abin da ke samansa, ka bar shi minti biyar zuwa goma. Kada ruwa ya kai buɗaɗɗen bayan bututun. Ka tsane shi sosai kafin ka gwada.

A nan dole in tsaya a kan maganar wuta, domin ita ce dabarar da kowa ya gada, kuma ita ce ta fi kashe biruka. Akan kunna ashana ko laita a kara tsinin. Gaskiya ne wani lokaci yana tashi, tunda zafi na narkar da busasshiyar tawada. Amma ƙarfe yana kai zafi cikin sauri zuwa inda ya shiga roba, robar ta yi laushi, tsinin ya karkace ko ya saki, tawada ta fara tsiyaya ta gefe. A biruka da yawa ma ɓangaren da ke riƙe da tsinin roba ne zalla. Ban da haka, zafin wuta yana iya dafa tawadar da ke cikin gurbin ta ƙone ta zama gawayi, toshewar da sifirit ma ba zai buɗe ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ruwan ɗumi yana yin duk abin da wuta za ta yi ba tare da wannan haɗarin ba, bambancin kawai 'yan mintuna ne na jira.

Idan iska ce ta shiga

Wannan ta fi wuya, amma ita ma tana da magani. Ka tuna ƙwallon lafiyarta ƙalau, tana juyawa, sai dai babu abin da take shafowa. Gurzawa a nan aikin banza ne, yana ma iya ƙara shigo da iska. Abin da ake bukata shi ne a turo tawadar ƙasa har ta sake manne wa ƙwallon.

Hanya mafi sauƙi ita ce yarfawa. Riƙe biron ta baya, tsini na kallon waje, murfi a rufe, ka yarfa hannu ƙasa da ƙarfi kamar mai yarfe ruwa daga yatsu, sau goma ko ashirin. Ka tabbata tsinin ne ke waje. Idan ka riƙe shi ta tsini ka yarfa, baya za ka kora tawadar, ka ƙara faɗin giɓin, wataƙila ma ta fantsamo maka a riga. Ga ƙaramin giɓi dab da baki, wannan yakan isa.

Ga giɓi babba kuwa, yarfawar hannu ba ta da ƙarfin motsa tawada mai kauri haka. Sai a yi majaujawa da shi. Samu igiya mai ƙarfi kamar tsawon hannu, ka ɗaure bayan bututun tam, ka ƙara naɗe ɗaurin da salatif don kada ya zame. Ko kuma ka jefa biron cikin doguwar safa, tsini a can ƙasa, da ɗan tsumma a naɗe a bakinsa. Fita fili inda babu mutum ko gilashi kusa, ka wulwula shi da sauri na kamar rabin minti. Juyawar tana tura tawada mai nauyi waje zuwa tsini, iska mai sauƙi kuma ta koma baya. Ba wasan yara ba ne wannan: a masana'anta ma bayan an cika bututu da tawada ana saka shi a injin da ke wulwula shi don a kori iska a zaunar da tawadar a bayan ƙwallon. Bayan ka gama, haska bututun. Idan giɓin ya matsa sama ko ya ɓace, ka yi nasara. In ya ragu kawai, sake yi. Ɗumama bututun a ruwa kafin wulwulawa yana sa abin ya yi sauri ƙwarai, domin tawadar ta riga ta saki. Haɗa waɗannan biyun shi ne abin da na fi dogara da shi ga biron da ya gagara.

Akwai kuma hurawa. Idan bayan bututun a buɗe yake, goge shi, ka ɗora tsinin a kan takarda, ka hura a hankali ta baya kana jan layi a lokaci ɗaya. Dole ƙwallon ta kasance tana juyawa yayin hurawar, domin ta nan ne iskar da ta maƙale za ta fita. Hurawa kawai, ban ce zuƙa ba. Masu zuƙar bayan biro suna jawo tawadar nesa da ƙwallon ne, ƙarshenta kuma su cika baki da ita. Wanda yake da sirinji marar allura da ya yi daidai da bakin bututun, ya fi baki tsabta da ƙarfi, sai dai a tura a hankali, don matsi mai yawa yana iya fizge tsinin gaba ɗaya.

In giɓin yana tsakiyar bututu ne kuma ya ƙi motsi, ana iya zura siririyar waya mai tsabta ta baya har ta ratsa tawadar sama ta isa wurin iskar, a juya ta kaɗan a zaro, don iskar ta samu hanyar fita. Aiki ne mai ɓata hannu, kuma ba kullum yake ci ba. Bayan kowace irin dabara, tsayar da biron a kofi tsini a ƙasa ya kwana. Nauyin tawada yana aiki a hankali, biron da ya ƙi da dare sau da yawa yakan tashi da safe.

Ba kowane mai ƙwallo ne biro irin wannan ba

Duk abin da na faɗa a sama na biro mai tawadar maiƙo ne. Akwai danginsa da suke kama da shi a ido amma cikinsu daban. Biron jel, wanda kamfanin Sakura na Japan ya fara fitarwa a 1984, tawadarsa ta ruwa ce da aka daskarar. Tana da kauri a zaune, amma da ƙwallon ta juya sai ta tsinke ta gudana. Shi ruwan ɗumi ne ke narkar da toshewarsa, ba sai an nemi sifirit ba, kuma yana saurin bushewa idan aka bar shi a buɗe, don haka murfinsa yana da muhimmanci fiye da na biro na gargajiya. Wannan abu mai kama da man shafawa marar launi da kake gani a saman tawadarsa an sa shi ne da gangan, yana bin tawadar ƙasa yana hana ta bushewa da komawa baya. Kada ka zura waya ka dame shi. Wulwulawa tana yi masa aiki sosai.

Biron da ake iya goge rubutunsa, irin FriXion na kamfanin Pilot, kada ka kai shi kusa da ruwan zafi ko kaɗan. Tawadarsa zafi ne ke ɓatar da launinta, a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Goge shi da ake yi ma zafin gogayya ne ke aikin. Idan ya sha rana a cikin mota ya koma rubuta fari, sanya shi a firiza na wasu sa'o'i yakan dawo da launin.

Sai kuma masu bututun ƙarfe a rufe ruf da iskar gas a matse a ciki, irin wanda Paul Fisher ya ƙera a shekarun 1960, wanda 'yan sama jannatin Amurka suka fara tafiya da shi a 1968. Gas ɗin ne ke tura tawada, shi ya sa suke rubutu ko tsini na kallon sama. Irin waɗannan ba a huda su, ba a kai su wuta. Goge baki da zane a kan roba ne iyakar abin da za ka yi musu.

Biro mai dannawa yana da nasa ciwon da ba ruwansa da tawada. Idan tsinin yana komawa ciki da ka fara rubutu, kwance shi ka duba sifirin ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar nan mai tsalle da ke ciki: ko ya fita daga mazauninsa, ko ya lanƙwashe, ko an sa bututun da bai kai tsawon na asali ba. Ka kwance shi a kan tebur, a kan farar takarda, domin sifirin ɗin da 'yan robobin da ke saman suna da saurin tsalle su ɓace, kuma ka lura da yadda suke jere kafin ka zare su.

Wanda ba ya tashi

Biron da ya faɗi da tsini a kan siminti ko tayil, mafi yawan lokuta ya gama. Leɓen da ke riƙe da ƙwallon siriri ne ƙwarai, bugu ɗaya ya isa ya lotsa shi ya danne ta, ko ya buɗe shi ta riƙa zubar da tawada guda-guda. Idan kana da gilashin ƙara girma, ko ka ɗauki hoton tsinin da waya ka zuƙo shi, za ka ga lotsawar ko ka ga ramin da ƙwallon ta fice ta bari. Babu sifirit ko ɗumin da zai gyara wannan. Haka ma biron da ya shekara da yawa har tawadar ta daskare tun daga sama har ƙasa; in ka zura waya ka ji ta da tauri kamar busasshen danƙo, ka haƙura.

Amma ko a nan ba dukkan biron ne ya mutu ba. Idan jikinsa mai kyau ne, sabon bututu kawai yake bukata; tafi da tsohon don a gwada tsawo da kauri, domin ba duka suke shiga juna ba. A biruka masu sauƙi iri ɗaya kuma, ana iya zare lafiyayyen tsini daga wanda tawadarsa ta ƙare, a cire lalataccen daga mai tawada da filaya, a dasa masa. Naɗe tsinin da tsumma kafin ka kama shi, ka kama ta gindi nesa da ƙwallon, sannan ka wulwula shi bayan dashen don tawada ta sauko ta cike sabon bakin.

Wajen ajiya kuwa, biro mai tawadar maiƙo ya fi son tsini a ƙasa ko a kwance. Tsayar da shi tsini a sama na tsawon watanni, musamman a wuri mai zafi, shi ke sa tawada ta sulale baya ta bar giɓi. Kada a bar shi a gaban mota cikin rana, zafi yana tsinka tawadar ta yi yoyo. A mayar da tsini ciki ko a rufe murfi kafin a sa a aljihu, don zaren tufafi yana tsotsar tawada daga ƙwallon kamar lagwani, kuma murfin ne ke kare tsinin ranar da biron zai faɗi. Wanda ba a amfani da shi kullum, a riƙa jan layi biyu da shi duk bayan 'yan makonni.

In kuwa garin wannan aiki tawada ta taɓa maka riga, kada ka fara da ruwa da sabulu, kada kuma ka kai ta ga dutsen guga, zafi yana zaunar da tabon. Sa tsumma mai tsabta a ƙarƙashin wurin, ɗiga sifirit a kai, ka riƙa dannawa da wani tsumman ba tare da gurzawa ba, kana matsar da na ƙasan zuwa wuri mai tsabta duk lokacin da ya sha launi. Gwada sifirit ɗin a wani ɓoyayyen gefe na rigar tukuna don ka tabbata ba zai ci rininta ba. Sai tabon ya dushe sannan a wanke da ruwan sanyi.